Shari'ar Iska a Birnin Ƙololuwa

Da sunan Allah wanda ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya shimfiɗa ƙasa ba turke, ya ba tsuntsu fiffike ya hana ɗan Adam don ya san iyakarsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, wanda zai yarda ya yarda, wanda zai ƙaryata kuwa ga hanya nan, ba a yi mata ƙyaure ba.

Ni ce Tasalla mai tozali, 'yar Nomau, matar marigayi Mantau falke. Ɗiya ce ni gaba da baya, ba a taɓa ɗaura wa wani kakana igiya a wuya ba. A kasuwar garinmu da abu biyu aka san ni, faɗin jiki da taurin ciniki. In na zauna a tabarma babu sauran wurin baƙo, in kuma aka taya mini kaya sai mai tayi ya yi gumi kafin ya ji "na sallama" daga bakina.

Da Mantau ya rasu, abin da ya bar mini jakuna ne da labari. Labarin shi ne, can bayan inda fatake ke juyowa akwai wani dutse da ake kira Dutsen Saƙi, a kansa akwai birni, a birnin akwai tozalin da babu irinsa a duniya, mutanen wurin kuma ba su san gishiri ba balle yaji. Ina fita takaba na cika mangaloli da gishiri da barkono da daddawa. Dangin miji suka ce mace ba ta irin wannan tafiya ita kaɗai, suka haɗa ni da ƙaninsa Korau. Siriri ne kamar sillen kara, ga ci kamar gara, ga baki. Tun ina amarya muke wasa da shi, kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙanin miji.

Ranar da muka tashi ya ce, "Matata, in jaki ya gaji ke za a ɗora wa mangala, don kin fi shi gadon baya."

Na ce, "Kai kuma a yi tsinken tsire da kai, in an samu naman da zai yarda."

Muka ratsa ƙasar da rairayinta ke kuka in an taka shi. Muka ƙetare kogin da ruwansa ke da zafi kamar na wankan jego. Muka wuce garin da ake binne matattu a tsaye don kada su saki jiki. Damina ta same mu a hanya, ta bar mu a hanya.

Ranar da muka iso gindin dutsen, na zaci gajimare ne ya gaji ya kwanta a ƙasa. Ashe wani makeken kwari ne, tuddan da ke kewaye da shi duk kurmin rimi, shekara da shekaru iska na kwaso audugar rimin tana zubawa a ciki, har ya cika ya batse, zurfinsa ya fi na kowace rijiya. Farin Kwari ake ce masa. Daga gefensa Dutsen Saƙi ya miƙe sak kamar bango, kansa ya shige sama. Jikinsa layi-layi ne, baƙi da fari, kowane layi daidai da ɗan'uwansa, sai ka ce masaƙi ne ya jera su.

Mutanen kwarin suna yawo a kan audugar da manyan faya-fayai ɗaure a ƙafa don kada su nutse, kowa da doguwar gora mai ƙugiya a baki. Masunta ne, amma ba kifi suke kamawa ba. Shugabarsu wata tsohuwa ce mai ido ɗaya, Uwar Ƙugiya suke ce mata. Muna cikin gaisawa da ita sai ƙaho ya taso daga sama, ƙofofin hanyar hawan dutsen na miƙa wa juna har ya iso mana. Kowa ya ɗaga kai. Na hango ɗigo biyu kamar ƙuda a jikin dutsen. Suka girma, suka zama mutane, maza biyu, a tsaye ƙyam, hannu a harɗe a ƙirji, ɗaya ya ɗan riga ɗaya. Suka faɗa audugar, fari ya tashi sama kamar an busa gari.

Masunta suka ruga. Na bayan suka zura gora suka maƙalo shi ta hammata, ya fito jina-jina, ƙafa a karye, amma da rai. Na farkon suka zura gora har ƙarshenta ba ta taɓa komai ba. Suka zare, suka juyo suna hirarsu.

Korau ya koma bayan jaki yana amai. Ni na ce, "Iya, wannan wace irin masifa ce?"

Ta ce, "Shari'ar iska ke nan, baƙuwa. Mutanen sama ba su da alƙali mai tambaya. In biyu sun yi jayayya sai a auna su, a daidaita nauyinsu, a turo su tare. Cewa suke ƙarya nauyi gare ta, mai ita shi zai riga isowa. Wanda ya fi gudu shi ya fi nutsewa, gorarmu ba ta kai masa. Na baya mu ciro shi, gaskiya tasa ce, da duk abin da ke jikinsa."

Na ce, "Daga wannan nisa, yaya ma mutum ke fitowa da rai?"

Ta ce, "Bakina ba ya buɗewa a banza. Ina jin ƙanshin wani abu a mangalarki."

Ta nemi kwandon daddawa. Na ce ko uwata ce ta dawo duniya ba ta samun kwando. Muka ja, muka ja, har rana ta karkata, ta haƙura da abin da tafin hannunta ya ɗauka. Sannan ta ce, "Nisa ba ya ƙara komai. Da wanda ya zame daga Ƙofar Tsakiya, can rabin dutsen, da wanda aka turo daga ƙololuwa, in girmansu ɗaya ne, gaɓa ɗaya ta gorata ke taɓa su." Na dube ta, na ce a raina tsohuwar nan ta cuce ni daddawa. Ai ko yaro ya san faɗowa daga kan soro ta fi faɗowa daga kan turmi.

Muka kama hawa. Hanyar ta bi ta wani ƙaƙƙarfan tudu da ke fuskantar bangon dutsen, saboda haka duk inda ka tsaya kana ganin layukan nan tun daga sama har ƙasa. A Ƙofar Tsakiya masu gadi suka tare mu, suka ce kowane ayari sai ya ba da rabon iska, dabba ɗaya. Na nuna musu wani gurgun jaki. Suka yi dariya, suka kama jakata mafi ƙarfi, wadda Mantau ya raina tun tana jaririya. Na yi magiya, na yi zagi, abin da na iya ƙwata shi ne su bari in sauke kayan da ke kanta. Suka rufe mata ido da tsumma, suka kai ta bakin dutsen, suka sa kafaɗa suka tura.

Korau ya kau da kai. Ni ban kau da nawa ba, don abin da aka ƙwace mini sai na ga ƙarshensa. Ta wuce layin farko a hankali, na biyu da sauri, na uku ya fi. Sai na ga wani abu. Daga can layukan suka daina ƙara sauri. Baƙi, fari, baƙi, fari, kamar luguden mata biyu a turmi ɗaya, ba mai riga wata, har ta zama ɗigo ta ɓace. Akumarin da ke bayanta kuwa ya saɓule tun a sama, yana ta lilo a iska, ita ta daɗe da isa shi bai kai rabi ba.

Daga ranar na zama abin dariyar Korau. Duk inda muka yada zango sai in je baki in saki abu. Na saki tsakuwa. Na saki faifai a kwance, na saki wani a tsaye ta gefensa, na tsayen ya tsere wa na kwancen kamar ba uwa ɗaya ta saƙa su ba. Na raba tuwo gida biyu daidai, ɗaya na mulmula, ɗaya na laƙe shi kamar waina, mulmulallen ya wuce. Na kama tururuwa na saki a wani ɗan gangare da zan iya sauka, na je na tarar da ita tana tafiyarta, ko ɗingishi babu.

Korau ya ce, "Yaya, takaba ce ta taɓa miki kai? Tuwon da za ki ba mijinki shi kike ciyar da aljanu?"

Na ce, "Aljanun sun fi ka godiya."

Ni ba malama ba ce, amma na san ciniki in na gan shi, kuma abin da na gani ciniki ne. Ƙasa mai saye ce, tana ja, tana cewa kawo. Iska mai kaya ce, tana tokarewa, tana cewa albarka. Da farko iska ba ta da baki, abu sai ƙara gudu yake. Amma iya gudunsa iya tokarinta, har a kai inda jan ƙasa da tokarin iska suka yi kunnen doki. A nan ciniki ya faɗa. Daga nan ko tafiyar shekara ce ta rage, ba ƙari. Abu mai nauyi a dunƙule sai ya yi gudu mai yawa kafin iska ta iya da shi. Abu mai faɗi kuwa tana samun wurin kamawa, da wuri ake sallamawa. Sai a lokacin na yafe wa tsohuwa daddawata.

Birnin Ƙololuwa gari ne na sanyi da yunwa. Ba sa noma, tumaki kawai gare su, nono suke sha, gashin suke sawa. Dukkansu sirara ne, tsawo ɗaya, kauri ɗaya, kamar an fiƙe su da wuƙa ɗaya. Da na shiga kasuwa yara suka biyo ni suna taɓa damtsena. Na baje kaya. Wani dattijo ya ɗanɗana barkono, ya yi ta hawaye, ya ce a ƙara masa. Na ga haka na rufe mangala na ce na fasa sayarwa. Suka bi ni har masauki. Sai da na gasa su a rana sannan na buɗe, kuma ban sallama ba sai da suka cika mini jakunkunan fata da tozalin gaske, baƙi wuluk mai ƙyalli, wanda ɗan dunƙule kamar ƙwan kaza sai ya rinjayi hannu. Ranar na yi wa Mantau addu'a, na ce bai yi mini ƙarya ba.

Washegari da hantsi dogarai suka zo suka ce Sarkin Awo na kira. Shi ne mai shari'ar garin, wani dogo mai farin gira, zaune a gindin wani ƙaton ma'auni na itace da aka kafa a bakin dutsen. Na tarar da Korau gurfane a gabansa.

Sarkin Awo ya ce, "Mutumin nan ya ce ke baiwar wansa ce, ya gaje ki. Ya ce tozalin nasa ne, ke kuma ya riga ya sayar da ke ga masu ramin tozali."

Na riga na ga bayin ramin nan. Yanke musu agara ake yi ranar da suka shiga, don kada su yi tunanin hanya, da rarrafe suke fito da duwatsu.

Na dubi Korau na ce, "Mijina, wasan ne har gaban manya?"

Ya ce, "Wasa ya ƙare a gindin dutse, Tasalla."

Tun da na shiga gidansu bai taɓa kama sunana haka tsirara ba.

Na ce, "Ni da na wanke maka gyambo? Ni da na ɓoye maka ƙanzo uwarka ba ta sani ba?"

Ya ce, "Aikin baiwa ke nan ai."

Sarkin Awo ya ce, "Baƙuwa, zaɓi biyu ne. Ki amsa ke baiwa ce, ki rayu a rami. Ko ki ƙaryata shi, a auna ku."

Korau yana murmushi. Ya riga ya yi lissafinsa, mace mai nauyina ba za ta yarda a jefa ta ba, za ta zaɓi rarrafe. Na gyara ɗaurin zanena na ce, "A auna."

Murmushin ya bushe a bakinsa. Ya ce, "Yaya, ki yi tunani." Na ce, "Au, na koma Yaya?"

Aka buga ƙaho, gari ya taru. Mata suka kai ni bayan wani zaure suka tuɓe ni, suka sa mini matsattsiyar riga da wando na fata, don a shari'arsu ba a barin zane ko mayafi ya taimaki kowa. Sai da aka haɗa na mutum biyu aka ɗinke sannan ya shige ni. Haka na fito gaban maza, ni Tasalla da ko ƙwaurina rana ba ta taɓa gani ba. Na hau kwandon ma'auni, Korau ya hau ɗayan. Na zauna daram a ƙasa, shi ya yi sama yana wutsil-wutsil da ƙafa. Gari ya kwashe da dariya.

Sarkin Awo ya ce a kawo ciko. Cikonsu gashin tumaki ne, shi suke ɗaura wa wanda ya gaza nauyi. Tsakaninsu ɗan kaɗan ke isa, tunda duk kusan ɗaya suke. Amma Korau aka ɗaura masa dami, ma'auni bai motsa ba. Aka ƙara, aka ƙara, har ya zama kamar rumbu mai ƙafafu, kansa kawai ake gani. Mutane na dariya, ni kuwa na tuna akumarin nan da ke lilo a iska. Da wannan faɗin, iska za ta rungume shi kamar ɗanta, ni in wuce in bar shi, in nutse inda gora ba ta kai.

In na ce a cire gashin, zai ce a bari, don duk abin da na so ya san ba alherinsa ba ne. Sai na fashe da kuka.

Na ce, "Ranka ya daɗe, abu ɗaya nake roƙo. Tozalina ka riƙe mini amana. In Allah ya fid da ni, a sauko mini da shi."

Ya ce, "Ba a haka a nan. Abin da aka bari a sama na sama ne. Abin da ke jikin mai gaskiya shi ne nasa."

Na saci kallon Korau, na ga maganar ta shige shi. Ko ya ci shari'a, a gindin dutse zai tsinci kansa da damin gashin tumaki.

Na ce, "To a ɗaura mini shi a jikina. Gumina ne, in mutuwa ce mu mutu tare."

Korau ya yi tsalle a cikin gashinsa. "Ƙarya take! Nawa ne! Ranka ya daɗe, ni ke neman ciko, a cire wannan tarkace a ɗaura mini kayana."

Na yi kururuwa, na yi birgima a kwando. Na ce a raba biyu. Ya ce ko ƙwaya. Na ce to ya bar mini jaka ɗaya ta kwalliyar gawata. Ya ce, "Albarka!" yana kwaikwayon muryata ta kasuwa, mutane suka yi shewa. Sarkin Awo ya ce ciko ciko ne, ma'auni bai san gashi ba bai san dutse ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Na sallama." Tun da nake ban taɓa faɗin kalmar nan da daɗin rai irin na ranar ba.

Aka kwance gashin, aka jera masa jakunkunan tozali a ƙugu da ƙirji aka ɗaure tamau. Kusan duka ya shige kafin sandar ma'auni ta kwanta daidai. Ya tsaya siriri kamar yadda yake.

Aka kai mu baki. Wata tsohuwa ta gyara mini tsayuwa, ta harɗe mini hannu a ƙirji. Ta ce, "Haka ake sauka, a tsaye, ƙafa a haɗe. Saukar mutunci ke nan. Wanda ya baje jiki kwaɗo muke ce masa, har jikoki ana yi masa waƙa." Korau ya ji, ya ƙame kamar taɓarya. Ban dubi ƙasa ba. Na yi kalmar shahada. Aka sa mana itace ɗaya a baya aka tura.

Abin da ya fara zuwa, hanjina ne ya taso maƙogwaro. Ba nauyi, ba ƙasa, ba sama. Korau na gefena, kafaɗa da kafaɗa, don a farkon faɗuwa kowa ɗaya ne, iska ba ta riga ta sa baki ba. Sai na warware hannu. Na kifa rub da ciki, na baje ƙafa da hannu kamar fatar da aka kafe a rana, gaban duk mutanen birnin nan da ke leƙe. Na ji ihunsu ya biyo ni, kwaɗo, kwaɗo, sannan iska ta haɗiye shi. Su yi waƙarsu. Wanda ke rarrafe a rami wace waƙa ake yi masa?

Iska ta fara da shafa, ta koma mari, ta koma duka. Ta cika mini baki, ta ja kumatuna baya, hawaye na gudu zuwa kunne. Sai na ji ta yi tauri a ƙarƙashina. Hanjina ya koma mazauninsa, nauyina ya dawo, na ji ni kwance a kan wani abu kamar katifar da ba a gani. Na dubi bangon dutse. Baƙi, fari, baƙi, fari, ba ƙari. Cinikina ya faɗa.

Na Korau bai faɗa ba. Nauyinmu ɗaya, amma shi tafin ƙafa kawai ya ba iska ta kama. Kansa ya zo daidai fuskata, ya buɗe ido ya gan ni a baje, na ga lokacin da ya gane. Ya warware hannu yana neman kifewa, tozalin da ke ƙugunsa ya juya shi, ya wuntsila. Ya miƙo hannu. Yatsunsa sun taɓa nawa. Na ga bakinsa na cewa Yaya, ban ji sauti ba. Na naɗe yatsuna. Ya yi ƙasa, ya zama kamar ɗan tsako, ya zama kamar ƙuda, sai wani ɗan farin hayaƙi ya tashi can ƙarƙashina.

Na daɗe a iskar nan har na gaji da tsoro. Da na kusa, na ji ta ƙara kauri da ɗumi, ta ɗan ƙara riƙe ni. Fari ya taso ya cika duniya. Ban dunƙule ba, a baje na faɗa.

Kada wani ya ce muku auduga laushi gare ta. Ta karya mini haƙarƙari, ta fasa mini hanci, haƙorana na gaba a can na bar su. Duhu ya rufe ni, auduga ta cika mini baki. Sai na ji ƙarfe ya shiga cinyata, aka ja. Na fito ina tari da jini, na ga ido ɗayan Uwar Ƙugiya a kaina.

Ta ce, "Mai daddawa! Ramin da kika yi ya isa a kafa ɗaki, amma ko rabin gora bai kai ba."

Suka kwantar da ni a kan faifai. Kusa da ni akwai wani rami, ƙarami kamar bakin tulu, gefensa na zubewa a hankali. Daga cikinsa wani sauti ke fitowa kamar kukan ɗan akuya a cikin rijiya.

Uwar Ƙugiya ta ce, "Da sauran numfashi. Wani lokaci sukan daɗe. Gora ba ta kai masa, sai dai tono, kuma ba mu tona sai mai gaskiya ya ce a tona. In yanzu ne, sai duk kwarin ya taru a yi da gaggawa, ladanmu duk abin da ke jikinsa. In kuma an bari sai ya huta, mu tona a tsanake, mu raba biyu da ke."

Numfashi ma da ƙyar nake ja, amma na ce, "Biyu? Ke kika hau dutsen? Kashi uku, ɗaya naku."

Ta ce, "Mu ke da hannu."

Na ce, "Ni ke da izini. In na ƙi, ya ruɓe a can da shi da tozalin, kowa ya rasa."

Ta yi tsaki ta ce ba ta taɓa ciro masifa irina ba. Ta yarda.

Na ce a ba ni gora marar ƙugiya, wadda aka huda cikinta. Aka zura ta a ramin iya tsawonta, na sa baki.

"Korau."

Sautin ya tsaya. Sai muryarsa ta taso, siririya. "Yaya... don Allah... don darajar Mantau..."

Na ce, "Ga mutane nan a tsaye. Faɗa musu, ni wace ce?"

"Ɗiya ce ke."

"Ban ji ba. Iska ta toshe mini kunne."

Duk buɗe bakin da zai yi sai auduga ta shiga. Na ji yana tari. "Ɗiya ce ke! 'Yar Nomau!"

"Baiwar wa?"

"Ba... ba baiwar kowa ba..."

"Ɗaga murya, mijina. Da a sama ai kowa ya ji ka."

Ya ɗaga. Ya faɗa har masuntan da ke nesa suka juyo. Ya sake farawa, ya kai tsakiyar sunan ubana, tari ya sarƙe shi. Na riƙe gorar a kunnena har ta daina kawo komai.

Na ce wa Uwar Ƙugiya, "Kun ji?"

Ta ce, "Mun ji."

Na ce, "To ku tona a tsanake."

Da suka fito da shi, jaka ɗaya ta fashe a ƙirjinsa, fuskarsa baƙi ƙirin tana ƙyalli. Na sa aka kakkaɓe abin da za a iya kakkaɓewa a cikin ƙwarya, aka yi masa sutura, aka binne shi a gindin wani rimi. Na yi jinya a wurinsu har ƙashi ya kama. Jakunana sun zama na sama, saboda haka da kai na ɗauko rabona, ina ɗingishi, na bi ayari na bar ayari har na ga ganuwar garinmu.

Iyakar hikayar ke nan, ban ƙara ba ban rage ba, Allah shi ne shaida. Saura abu ɗaya. Kafin in shiga ɗakina sai da na biya gaida uwar mijina, wadda ta haifi Mantau da Korau. Na tarar da ita a ƙofar ɗaki, ido ya yi mata hazo. Ta shafa fuskata, ta ji giɓin bakina, ta yi salati. Na buɗe tandun tozali na ce ga tsaraba, na kwantar da kanta a cinyata na zizara mata da hannuna.

Ta ce, "Kai, wannan da yaji yake. Tasalla, ina Korau? Ban ji muryarsa ba."

Na ce, "Ya riga ni sauka, Inna."

Ta ƙifta ido, baƙin hawaye ya gangaro mata. Ta ce, "Haka yake. Tun yana yaro ba ya jiran kowa. Sa mini a ɗayan."